Shirwar Zare da Kufaifan Gobir

Tsakanin Isa da Sabon Birni, a gabashin Jihar Sakkwato, akwai manyan birane guda biyu da ke kwance ƙarƙashin gonakin gero da dawa. Na farko shi ne Birnin Zamfara, wanda Sarkin Gobir Babari ya ci da yaƙi a tsakiyar ƙarni na 18. Na biyu kuwa Alƙalawa, wadda ta zama fadar Gobir tun zamanin shi Babarin, ta ga mulkin Bawa Jan Gwarzo da Yakuba da Nafata da Yunfa, kafin ta faɗa hannun mayaƙan jihadi a watan Oktoba na 1808. Da wuya ɗalibin Hausa ya kammala karatunsa bai ci karo da sunayen nan ba, ko a darasin tarihin Hausawa, ko a waƙoƙin fada, ko a kirarin sarakuna. Amma a tambaye shi, ina faɗin Alƙalawa ya kai? Ƙofofinta nawa ne, kuma ina kowacce ta fuskanta? Ta wane gefe ganuwarta ta yi iyaka da fadama? Nan take zai yi shiru, malaminsa ma ya taya shi.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, ya kamata sassan Hausa na kwalejojin ilimi su ɗauki nauyin adana kamannin irin waɗannan kufaifai ta hanyar ɗaukar hotonsu daga sama. Na'urar da kuma ta dace da aljihunmu da yanayin ƙasarmu ita ce kyamarar da aka rataya a zaren abin nan da yara kan haɗa da leda da tsinken tsintsiya, su saki iska ta ɗaga shi. Na san mai karatu zai yi murmushi, ya ce malam ya rasa abin kawowa cikin littafin karatu sai wasan yara. To, a yi mini haƙuri a bi ni sannu.

Kafin a yi nisa sai an raɗa wa yaro suna. Turawan Ingila sun ara wa abin sunan tsuntsuwar da muke kira shirwa, saboda yadda takan shimfiɗa fukafukanta ta tsaya cak cikin iska tana leƙen 'yan tsaki. Bahaushe ya fi kowa sanin wannan hali nata, don haka kamancen bai zama baƙo a kunnensa ba. Ana iya cewa jirgin leda, sai dai kalmar jirgi ta riga ta yi kaya da yawa, ga na ruwa, ga na ƙasa, ga na sama, ga kuma maras matuƙi, sannan ba da leda kaɗai ake yin abin ba. Saboda haka a nan zan riƙa kiran sa shirwar zare. In ɗalibai sun sami wanda ya fi shi zama a baki, ba ni da ja.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a 1858 wani Bafaranshe da ake wa laƙabi da Nadar ya ɗauki hoto daga cikin balan-balan, amma wannan sai mai hali, ga kuma kasada da rai. A 1888 wani ɗan ƙasarsu, Arthur Batut, ya ɗaura kyamara a jikin shirwar zare ya ɗauki garinsu Labruguière daga sama. Da yake babu hannun da zai danna masa kyamarar a can, sai ya haɗa ta da lagwani mai cin wuta a hankali, in wutar ta cinye zaren da ke riƙe da maɓalli sai hoto ya ɗauku. A 1906, makonni kaɗan bayan girgizar ƙasar da ta rusa birnin San Faransisko a Amurka, George Lawrence ya jera shirwoyi a igiya guda, suka ɗaga kyamara mai nauyin kimanin kilo 22 zuwa tsawon kimanin mita 600, ya ɗauko hoton kangon birnin gaba ɗaya. Wanda ya fi kusa da batunmu shi ne aikin Henry Wellcome a Jabal Moya ta ƙasar Sudan, inda ya jagoranci tonon wani tsohon mazauni daga 1910 zuwa 1914, aka yi amfani da shirwar zare wajen ɗaukar hoton filin tonon. Wato ke nan, ɗaya daga cikin wuraren farko da aka gwada wannan dabara a kan kufai yana nan Afirka, a ƙasa mai rana da iska irin tamu. Ko a 2010, da man fetur ya malala a Tekun Meziko, 'yan sa kai sun yi amfani da balan-balan da shirwar zare da ƙananan kyamarori suka zana taswirar ɓarnar da ta auku a gaɓar teku.

Yadda ake yi ba shi da wuyar fahimta. Ana bukatar shirwa babba, mai faɗin kamar mita biyu, wadda aka ɗinka da yadi marar nauyi mai tsare iska, da zare mai ƙarfi na nailan, da katakon naɗe shi, da safar hannu mai kauri, domin zaren da iska ke ja yana yanka kamar wuƙa. Ba a jikin shirwar ake ɗaura kyamara ba, don a can ne fizga ta fi yawa. Sai a fara sakin ta ita kaɗai har ta wuce iskar ƙasa mai kai da komo, ta sami wadda ke tafiya bai ɗaya. Sa'an nan a rataya kyamarar a jikin zaren, taku talatin ko fiye a ƙasa da shirwar, a ci gaba da saki. Akwai wata dabarar ratayawa da wani Bafaranshe, Pierre Picavet, ya bayyana a 1912: 'yan sanduna biyu ne a gicciye, da zobba a bakunansu huɗu, da siririn zare guda da ke zarya tsakanin zobban da wurare biyu a jikin babban zare. Duk yadda babban zaren ya karkata, nauyin kyamarar zai sa siririn ya zame cikin zobban, ita kuwa ta ci gaba da kallon ƙasa. Kafintan unguwa zai iya haɗa wannan cikin yini guda. Kyamarar kuma ba sai ta musamman ba. Wayar hannu ma ta isa, in an saita ta tana ɗauka da kanta bayan kowane daƙiƙa biyar ko goma, aka kuma sanya ta cikin gorar roba da aka yanke gindinta don kada ta fashe in ta faɗo. Mai riƙe da zare sai ya riƙa takawa a hankali yana ratsa filin, ta yadda kowane hoto zai haɗa da fiye da rabin abin da na bayansa ya ɗauka. In an dawo, akwai manhajojin kwamfuta na kyauta da ke ɗinke hotunan su zama shimfiɗa guda. Kafin a fara, akan shimfiɗa fararen ƙyallaye a ƙasa, a auna tazarar da ke tsakaninsu da tef, don a san ma'aunin duk abin da ya fito a hoton.

Me ake gani daga sama wanda mai tafiya a ƙasa ba ya gani? A nan ne gishirin maganar yake. Ganuwar da ta shekara ɗari biyu da zubewa takan koma ɗan tudu wanda bai wuce gwiwa ba, mutum ya taka shi ya wuce bai sani ba. Amma da hantsin fari ko da la'asar sakaliya, lokacin da rana ta yi ƙasa, ɗan tudun nan yakan jefa inuwa, sai ka gan shi daga sama ya miƙe ya yi kwana ya zagayo kamar an zana da alƙalami, inda ya yanke kuma nan ne ƙofa. Gwalalon da ke bayan ganuwa, wanda ƙasa ta cike, yakan riƙe danshi fiye da kewayensa, saboda haka geron da aka shuka a kansa ya fi tsawo da duhun ganye, na kan tushen ganuwa kuwa ya tsumbure. Manomi ya san wani sashe na gonarsa ya fi wani albarka, amma bai ga cewa albarkar ta bi layi ba, domin yana tsaye ne a cikinta. Bayan girbi kuma launin ƙasa da kansa yana ba da labari: toka da kashin tama a inda maƙera suka zauna, da'irori a jere a inda rijiyoyin marina suke, fari-farin katangar tukwane a inda unguwa ta yi cinkoso. Hatta kukoki, waɗanda kowane Bahaushe ya san alamar tsohon mazauni ne, in aka dube su daga sama sai a ga tsarin da suka bi.

Lokacin aikin ma Allah ya hore mana shi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na busowa daga arewa maso gabas kusan kullum, an kawar da amfanin gona, ƙasa ta fito fili, babu fargabar hadari ko tsawa. Hazo ne kaɗai cikas, shi ma bai cika dame hoton da aka ɗauka daga tsawon mita 50 ko 100 ba, sai ranar da ya yi kauri ainun.

Za a ce, ina amfanin wannan wahala alhali ga hotunan tauraron ɗan'adam a intanet? Lalle suna da amfani, kuma da su ya kamata a fara. Amma a lura da ƙarfin ganinsu. A hoton Landsat, kowane ɗigo yana wakiltar mita 30 ne a ƙasa, a na Sentinel-2 kuwa mita 10. Waɗanda suka fi kyau a Google Earth sukan kai wajen rabin mita, kuma ba mu ne ke zaɓen ranar ɗauka ko sa'arta ba. Bakin rijiyar marina bai kai mita guda ba, saboda haka a irin wannan hoto ɗigo ɗaya ne ko biyu. Kyamarar da ke rataye a mita 100 kuwa tana rarrabe abin da bai wuce 'yan santimita ba. Za a kuma ce, to, ga jirgi maras matuƙi. Gaskiya ne ya fi biyayya, yana zuwa inda aka tura shi, ko da iska ko babu. Sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin kasafin yawancin sassanmu, batirinsa bai cika wuce rabin sa'a ba, kuma a 2016 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya ta hana tayar da shi sai da izininta da na ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Ban da wannan, a ƙauyen da ya sha ganin tashin hankali, ƙugin abu a sama ba ya kawo wa kowa natsuwa. Ita shirwar zare ba ta da ƙara, kuma zarenta na nuna mai ita: duk wanda ya gan ta zai iya bin zaren da ido har ya iske yaron da ke riƙe da shi, ya tambaye shi wa ya aiko shi. Aibinta a fili yake. Ranar da iska ta kwanta babu aiki, ba ta ganin abin da ke ƙarƙashin itatuwa, ba a kusantar wayar lantarki ko filin jirgin sama da ita, kuma kufai mai girman Alƙalawa sai an yi kwanaki ana takawa.

Tambayar da ta fi waɗannan nauyi ita ce, me ya haɗa sashen Hausa da wannan? Ba aikin masu nazarin tarihi da labarin ƙasa da masu tonon kufai ba ne? Nasu ne, kuma da su za a yi. Amma hoto bebe ne. Zai nuna maka giɓi a jikin ganuwa, ba zai gaya maka sunan ƙofar ba, balle wanda aka ce ya fita ta cikinta bai dawo ba. Wannan ilimi yana cikin harshe, a bakin dattawan Kamarawa da Gatawa da sauran garuruwan yankin, waɗanda suka san kowace gona da kowane kwari da kowane tabki da sunansa. Sunan wuri kuwa rumbun tarihi ne. Alal misali, ruwayar baka ta nuna cewa Alƙalawa ta samo sunanta ne daga gonakin alƙalin Zamfara, inda aka sauki Gobirawa tun suna baƙi. Sabon Birni, wanda Ɗan Halima ya kafa a kashi na biyu na ƙarni na 19 bayan ya baro Tsibiri, sunansa kaɗai ya isa shaidar cewa akwai tsohon da ake kewa. Kalmomi irin su tunga da zango da sansani da kafi da mashaya da burtali, kowacce tana faɗin abin da wuri ya taɓa zama. Wa aka horar ya saurari irin wannan, ya rubuta shi daidai, ya rarrabe kirari da labari, ya gane inda mai ba da labari ya kare martabar gidansu? Ɗalibin Hausa ne. A buga hoton da girma, a shimfiɗa shi a tabarma gaban dattawa, a bar su su yi gardama a kansa, shi kuwa yana rubutawa. Marigayi Dokta Garba Nadama ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan daular Zamfara a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977, Abdullahi Rafi Augi kuma ya yi nasa a kan Gobir da kwarin Rima a 1984. Sun share hanya da ruwayoyi da rubuce-rubuce. Abin da ya rage wa na baya shi ne su ɗora waɗannan ruwayoyi a kan ƙasar da suka faru.

Ban da haka, duk malamin da ke duba kundayen kammala karatu ya san yadda batutuwa suka ƙare mana. Bana bukin aure a gari kaza, baɗi bukin suna a garin, wani ya kwafi na wani ya sauya sunan ƙauye. Ɗalibin da aka ba kufai guda, ya kawo hotonsa da sunayen sassansa da ruwayoyi uku ko huɗu a kansa, ba shi da wurin da zai kwafo.

Dalilin gaggawa biyu ne. Na farko, ƙasa ba ta jira. Garmar shanu da ta tarakta na baje tudun ganuwa kowace damina, masu gini na ɗibar ƙasarsa, gulaben Bunsuru da Gagare da na Maraɗi, waɗanda ke haɗuwa a wannan yanki su zama Rima, suna cin gaɓa suna sauya hanya. Wanda ke shakka ya dubi Kano, inda badalar da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu ta zube a wurare da dama a gaban idon hukuma da jami'a da gidan tarihi. In haka ta sami ganuwar da ke tsakiyar birni, ina ga wadda ke cikin gona? Na biyu ya fi ciwo. Rikicin 'yan bindiga ya ɗaiɗaita ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni. Daga 2019 dubban mutane suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi ta Nijar, wasu suka nufi Sakkwato da sauran garuruwa. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasa ransa a hannun waɗanda suka sace shi. Ƙauyen da aka tashi daga cikinsa, damina uku ta isa ta mai da shi sabon kufai. Dattijon da ya rasu a gudun hijira kuwa ya tafi da sunayen da babu su a kowace taswira.

Wannan ya kawo mu ga suka mafi ƙarfi da za a yi wa ra'ayina, kuma ba zan kauce mata ba. Babu malamin kirki da zai tura ɗalibi dajin da ake sace mutane da kyamara a sama. Mutanen gari na iya ɗaukar sa infoma, jami'an tsaro su ɗauke shi ɗan leƙen asiri, 'yan bindiga kuma su ɗauke shi ɗan aiken gwamnati. Hoton da ke nuna hanyoyin shiga gari ma makami ne in ya faɗa mugun hannu. Duk na yarda. Amma aikin kashi biyu ne, kuma kashi ɗaya kaɗai ke bukatar a taka daji. Tattara sunaye da ruwayoyi ana iya yin sa a duk inda dattawan suka sami mafaka, da hoton tauraron ɗan'adam a matsayin somin taɓi. Koyon sarrafa shirwa kuma a filin ƙwallon kwaleji ake fara shi, a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato ko ta Maru ko wata, sannan a gwada a kufaifan da ke kusa da manyan garuruwa. Ranar da hanya ta buɗe, sai ta tarar da mutanen da suka iya.

Akwai wata suka da ta shafi tarbiyya. Gidan Bahaushe katanga ce ke tsare sirrinsa, da zaure, da sallama, tsakar gida kuwa a buɗe take ta sama, domin magina ba su taɓa tsammanin ido zai zo ta can ba. Addini da al'ada duk sun hana leƙen gidan mutane. Saboda haka ƙa'idar ba ta da sassauci: ba a tayar da kyamara a kan gidajen da ake zaune ciki, ko da mai gari ya ce ba komai, domin ba shi kaɗai ke da haƙƙin ba. A kan kufai ma sai da izinin hakimi da mai gari da mai gona, a nuna musu na'urar a ƙasa su taɓa ta da hannunsu, a tambaye su inda kushewa take da wuraren da masarauta ke girmamawa, in sun ce a bar wani wuri a bar shi. In an gama, kofi na farko na fada ne. Sauran a kai Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, kada su ƙare cikin wayar ɗalibi, ta lalace su bi ta.

Ya kamata kuma a tuna cewa Gobir ba ta tsaya a kan iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908 ba. Birnin Lalle, tsohuwar fadar Gobirawa, tana cikin Nijar, haka ma Tsibiri, wadda aka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Ɗaliban Jami'ar Maraɗi na iya yin nasu ɓangaren a haɗa da namu, tunda iskar da ke ɗaga shirwa a Sabon Birni ta kansu take biyowa.

Kowane hoto sai ya zo da takardarsa: ranar ɗauka da sa'a, inda gabas take, tazarar ƙyallayen awo, sunan wurin, da wanda ya faɗi sunan in ya yarda a ambace shi. A nan ina da gargaɗi na musamman ga ɗalibanmu da suka sha darasin daidaitacciyar Hausa har ta zame musu sanda. Bagobiri ba ya cewa fadama ko faƙo ko kufai, sai hwadama da hwaƙo da kuhwai. In dattijo ya ɗora yatsa a kan hoto ya ce nan ne Kuhwan wane, a rubuta kamar yadda ya furta, a naɗi muryarsa in ya amince, daidaitaccen rubutun kuma a sa shi a layi na ƙasa.